Ku Tambayi Malama: Yaron da Ba Ya Buɗe Littafi Sai an Tsaya a Kansa

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da aka koma makaranta wasiƙu ke ta shigowa, kuma yawancinsu a kan yaran nan ne 'yan shekara 12 zuwa 14, waɗanda suka bar firamare amma ba su kai ga zama manya ba. Shekara 24 ke nan ina koyar da Hausa da Turanci a ƙaramar sakandare, don haka waɗannan 'yan ajina ne. Na zaɓi wasiƙu biyar. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi mini afuwa, ina kyautata zaton za su tsinci amsarsu a ciki.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Ɗana na biyu shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Yana da ƙwaƙwalwa, kowa ya shaida. Amma wallahi in ban zauna a gabansa ba, ba zai buɗe littafi ba. Da na tashi duba tukunya, sai in dawo in tarar yana zane-zane a bayan littafi. Mun ɗaukar masa malamin lesin sau uku a mako. Wani lokaci in dare ya yi bai gama jinga ba, ni nake faɗa masa amsa yana rubutawa, don kada a doke shi. Na gaji, Malama, ga ƙannensa uku. Yaya zan yi?
Daga uwar 'ya'ya biyar, Funtuwa.

AMSA: Sannu Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya shirya mana su baki ɗaya. Tun daga layin farko na ji gajiyarki. Amma bari in faɗa miki gaskiya, 'yar'uwa: yaron nan bai taɓa jin cewa karatun nasa ne ba, domin kullum akwai mai ɗauke masa nauyinsa. Da safe malami, da yamma malamin lesin, da dare ke. In jinga ta kwana ba a yi ba, wa yake kasa barci? Ke ce. To shi me zai dame shi?

Ki tuna yadda ake yi a makarantar allo. Kolo in ya fara, malam ne ke rubuta masa, ya kama yatsansa yana nuna masa babbaƙu, daga nan a shiga farfaru. Amma ba a dawwama a haka. Akwai ranar da malam zai tura masa kurtun tawada da alƙalami, ya ce rubuta da kanka. Rubutun farko a karkace yake fitowa, tawada ta ɗiga nan da can. Malam ya duba ya gyara, yaro ya koma gefe ya yi ta biyawa, ya wanke, ya sake. Ba za ki taɓa ganin malamin allo yana rubuta wa ɗan shekara 13 ba don gudun kada rubutunsa ya yi muni. A boko ne muka tsallake wannan mataki, muna riƙe da yatsan yaro har ya kusa fara gemu.

Kuma wannan shekarun su ne lokacin sakin yatsan. A firamare malami ɗaya ke riƙe da aji, ya san wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba. Da yaro ya shiga ƙaramar sakandare sai ya ga kowane darasi da malaminsa, wannan ya yi minti 40 ya fita, wancan ya shigo, kowa ya bar masa aiki. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa yadda zai tsara su. Abin da za ki koya masa ke nan, kuma ba sai kin iya lissafin aji biyu ba.

Ki same shi ranar Asabar da hantsi, lokacin da ba jinga ba faɗa. Ki ce masa daga yau karatun dare nasa ne, shi zai zaɓi lokaci. In yana zuwa Islamiyya da yamma, wataƙila ya ce bayan Isha. Ya rubuta jadawalin da hannunsa, ya manna a bango. Kada ya wuce minti 30 a zama ɗaya da farko. Kafin ya zauna, ya zo ya gaya miki abin da zai yi dalla-dalla: "Lissafi, shafi na 46, lamba 1 zuwa 5." Kada ki karɓi "zan yi karatu" kawai, domin wannan magana ba ta da baki ba ta da iyaka. Daga nan ki tafi harkarki. In ya gama, ya rufe littafin, ya same ki ko a gindin murhu ne, ya gaya miki abin da ya koya da ka.

Rufe littafin nan shi ne zuciyar maganar. Yaranmu da yawa abin da suke kira karatu shi ne su zuba wa shafi ido, su bi shi sau uku, su ji kamar ya zauna. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bita a rarrabe cikin kwanaki ta fi a tara ta a dare ɗaya. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai: waɗansu suka yi ta maimaita karanta rubutu, waɗansu suka karanta sannan suka ajiye takardar suna ƙoƙarin tuno abin da ke ciki. Bayan mako guda, masu tunowa da ka sun fi riƙe abin. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tilawa ke nan. Gardi ba ya sanin ya haddace sai ya kifa allo.

Yanzu ga mai wuyar. Ki daina faɗa masa amsa, ko da zai tafi makaranta da jinga rabi. Kafin nan ki je ki ga malamin ajinsu, ki gaya masa abin da kike shirin yi, ki roƙe shi kada a doke shi, a dai sa shi ya ƙarasa a lokacin tara yayin da abokansa ke ƙwallo. Sau biyu ko uku ya isa.

Na taɓa samun wani yaro a aji ɗaya, jingarsa kullum goma bisa goma, rubutu tsaf. In aka yi gwaji a aji kuwa sai ya miƙo takarda da sunansa kawai a sama. Na bincika, ashe yayarsa ce ke yi masa. Na kira mahaifiyarsu muka yi magana, aka hana yayar. Makon farko ya zo da littafi wayam, kansa a ƙasa. Mako na uku ya ci huɗu bisa goma. Hajiya, da kin ga yadda ya riƙe littafin nan. Bai sa shi a jaka ba, a hannu ya tafi da shi gida, yatsansa a tsakanin shafin. Bai taɓa riƙe mai goma bisa goma haka ba.

Malamin lesin ma ki yi masa magana. Kada ya riƙa yi musu jingar tare. Yaron ya gwada tukuna, ya sa alama a inda ya maƙale, malamin ya zo ya fara daga nan. Zanen da yake yi a bayan littafi kuwa kada ki tsawatar masa. Ki sa shi ya zana miki abin da ya karanta a kimiyya, ko taswirar jiharku da koguna. Sannan ki lura da barcinsa: likitoci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare. Yaron da ya kai sha biyu yana kallo, ya tashi da asuba, ba lalaci ke damunsa a aji ba. In kin ga wata guda ya tafi daidai, ki rage bincike zuwa sau ɗaya a mako, ranar Juma'a da daddare.

TAMBAYA: Malama, ni sabon malami ne, shekara biyu da gama NCE. Ina koyar da Hausa a aji ɗaya da aji biyu. Ajina ɗaya ɗalibai 83 ne. In na ba su insha'i, misali "Ranar da ba zan manta da ita ba", sai in ga kusan rabin ajin sun kawo labari iri ɗaya, har da kalmomi iri ɗaya. Wasu layi uku suke rubutawa su tsaya. Ga duba littattafan ya fi ƙarfina. Ta ina zan ɓullo?
Daga wani malami, Gusau.

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari. Tambayar da ka yi ma ta nuna mini kana karanta abin da yaran suka rubuta, ba sa hannu kawai kake yi ba. Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa.

Ƙanena, laifin na taken ne kafin ya zama na yaran. Wannan take ya daɗe yana yawo, yayye sun rubuta, sun bar wa ƙanne littafin, akwai kuma ƙananan littattafan kasuwa masu insha'i a shirye. Yaro ya san akwai "amsar da ake so", to don me zai wahalar da kansa? Ka ba su abin da ba a rubuta shi a ko'ina ba, wanda sai sun fita sun nemo.

Ga wanda na fi jin daɗinsa a duk shekarun da na yi. Na ce kowa ya je wurin kakarsa ko kakansa, ko wani tsoho a unguwa, ya tambaye shi yadda aka yi canjin kuɗi. Ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Kafin nan, a Afrilun 1972, an yi canjin hannu, motoci suka bar hagu suka koma dama. Wanda bai samu mai tuna waɗannan ba ya tambayi farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, ko shekarar 1976 da aka kwashi yara aka zuba a firamare a shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa. Muka zauna a aji muka tsara tambayoyi biyar tare: kina ina a lokacin, me kike sayarwa, nawa ne mudun gero, wa ya fara nuna miki sabon kuɗin, me kika ce da kika gan shi. Na ba su mako guda.

Akwai wata yarinya da ke zama a baya, jikin taga. Zango biyu ban ji muryarta ba sai wurin kiran suna. Ta kawo shafi uku cur. Kakarta mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce a lokacin, kuma ta ƙi karɓar sabon kuɗin har tsawon makonni, duk wanda ya zo saye sai ta ce ya je ya nemo mata sulalla. Yarinyar ta rubuta yadda tsohuwar ta kwance haɓar zanenta tana nuna mata inda take ƙulle sisi da taro, da yadda ta yi ta dariya har da hawaye da ta tuna ranar da wani ɗan talla ya rikita ta da lissafin kwabo goma da kwabo sha biyu. Rubutun cike yake da kurakurai, ba aya ba waƙafi, sakin layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Na sa ta ta tsaya ta karanta. Takardar na rawa a hannunta. Ajin nan mai hayaniya ya yi tsit, da ta gama wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to daga baya ta karɓa?" Wannan tambayar ita ce makin da ya fi kowane. Ta gane cewa ta rubuta abin da wani yake son jin ƙarshensa.

Masu layi uku kuwa, ba rashin tunani ba ne, ba a koya musu kallo ba. Ka ce su rubuta yadda ake yin ƙosai tun daga jiƙa wake, da surfe, da wanke dusa, da kai markaɗe, har ya shiga mai. Ka ce su tsaya wurin mai faci su ga yadda yake gano hujin taya a cikin ruwa. Ka ce su rubuta hanyarsu daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta yadda baƙo zai bi bai ɓata ba. In yaro ya rubuta "kasuwa ta cika", ka tambaye shi da wa ta cika, me ya ji da hancinsa, wa ya taka masa ƙafa. Kafin ka ankara layi uku sun zama goma.

Batun dubawa, ba za ka iya gyara kowane kuskure a littafi 83 ba, kuma ko za ka iya bai kamata ba. Yaron da aka mayar masa da shafi ja wur da jan biro, makin kawai zai duba ya rufe. Ka ɗauki abu ɗaya a mako. Wannan makon raba kalma da haɗewa: "shi ne" ba "shine" ba, "za su" ba "zasu" ba, "yana" ba "ya na" ba. Mako mai zuwa haruffa masu ƙugiya, ka nuna musu tazarar da ke tsakanin baki da baƙi, fada da faɗa, kafa da ƙafa. Ka rubuta ƙa'idar a allo, su yi musayar littafi da na kusa da su, kowa ya ja layi da fensir a inda yake zaton akwai gyara, mai littafin ya gyara da kansa. Kai kuma ka ɗauki littafi 20 a mako ka karanta da kyau, a wata guda ka zagaye ajin. A ƙasan kowane ka rubuta jimla ɗaya kan abin da ya burge ka, da tambaya ɗaya da za ta sa ya ƙara bayani.

Kuma ka sa su sake rubutawa. Insha'i huɗu a zango, kowane an sake shi sau biyu, ya fi goma da aka rubuta aka jefar. Tsarin wasiƙa da sauran abin da jarrabawar BECE ke nema a ƙarshen aji uku ka koyar da su, ba na ce ka bari ba. Amma wannan aikin mako biyu ne ga yaron da ya riga ya saba zuba maganarsa a takarda.

TAMBAYA: Malama, ina yini. Shekarata 14, ina aji uku. Ina son rubuta labarai da Hausa, na cika littafi biyu masu falle 60, amma a ɓoye. Babana ya taɓa gani ya ce ɓata lokaci ne, in mayar da hankali kan karatu. Ƙawayena sun ce in ba su su tura a zaurukan WhatsApp da ake karanta littattafai. In ba su?
Daga ɗalibarki, Zariya.

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Wasiƙarki ta faranta mini rai, kuma na lura ba ki yi kuskuren ƙugiya ko ɗaya ba. Ci gaba da rubutu.

Kina da magabata a wannan hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma da waƙoƙinta mata malamai da ta horar, waɗanda ake kira jaji a ƙungiyar 'yan taru, suka riƙa shiga ƙauyuka suna karantar da mata. A garinku Zariya ne Hukumar Fassara ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, kuma Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 kacal ya shiga da Ruwan Bagaja. Shekara takwas ce tsakaninki da shi a lokacin. Tun 2016 kuma BBC Hausa take gasar Hikayata ta mata zalla, tana nan tana jiran ki girma.

Amma tura labarinki a zaurukan WhatsApp, a'a, kada ki bayar yanzu. Abin da ya shiga can ya fita daga hannunki ke nan, ana iya cire sunanki a sa na wata, kuma baƙin mutane za su fara neman lambarki. Wasu labaran da ke yawo a can ma ba na shekarunki ba ne. Akwai wata illa kuma da ba a cika faɗa ba: masu karatu za su yi ta matsa miki ki kawo ci gaba kullum, sai ki koma rubuta abin da suke so da gaggawa, tun ba ki gano muryarki ba.

Tambaya ɗaya zan yi miki: a cikin littattafan nan biyu, labari nawa kika kai ƙarshensa? Yawancin 'yan matan da ke nuna mini nasu suna da farko goma, ba ƙarshe ko ɗaya. Ki zaɓi guda, gajere, ki gama shi, ki sa kwanan wata, ki ajiye mako biyu, sannan ki karanta shi da ƙarfi ke kaɗai a ɗaki. Duk inda harshenki ya yi tuntuɓe, akwai gyara a nan. Kuma ki rage katafaren gida a Abuja da jirgin Dubai in suna ciki. Rubuta layin famfo na unguwarku, da rigimar da ake yi a kan jarka. Wannan kin san shi fiye da kowa.

Babanki tsoro yake ji kada ki faɗi jarrabawa, ga shi kina ajin fita. Ki cire masa wannan tsoron da sakamakonki. Rubutun labari ya koma Asabar da Lahadi har a gama jarrabawa. Ɓoyon kuma ya isa haka: ki fara nuna wa mamanki. Sannan wata rana in kin ga Baba cikin nishaɗi, ki roƙe shi ya ba ki labarin yadda ya fara sana'arsa, ki rubuta shi da kyau, ki kai masa ya karanta ya gyara miki inda kika kuskure. Ki rubuto mini yadda kuka yi.

TAMBAYA: Malama, yarona ɗan shekara 14 yana ɗaukar wayar mahaifiyarsa ya tambayi Meta AI a WhatsApp, ta rubuto masa amsar jinga ya kwafe. Malaminsu har yaba Turancinsa yake yi. Ni ɗan kasuwa ne, boko na bai yi nisa ba. Wannan ci gaba ne ko cuta?
Daga wani mahaifi, Kaduna.

AMSA: Alhaji, yadda yake yi ɗin nan cuta ce, kuma zuciyarka ta riga ta gaya maka, shi ya sa ka rubuto. Zanen aro ba ya rufe katara. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, sauran irinta suka biyo baya, nake ganin wannan a littattafan ɗalibaina: Turanci sumul, da kalmomin da yaron ko furta su ba zai iya ba. Ranar jarrabawa kuwa daga shi sai biro.

Ba sai kana da boko mai zurfi za ka gane ba. Ka ce ya kawo littafin, ka nuna kalma uku da yatsa, ka ce ya gaya maka ma'anarsu da Hausa. Sannan ya rufe, ya yi maka bayanin abin da ya rubuta kamar yadda yaron shago zai yi maka bayanin cinikin yini. Kai da ka san yaron da ya yi ciniki da wanda ya ƙirƙiro lissafi, ba za ka ruɗe ba. In ya kasa, kada ka kunyata shi gaban ƙannensa. Ka ce masa kai huɗu bisa goma na guminsa ka fi so.

Ban ce a hana shi gaba ɗaya ba, domin da waɗannan na'urori za su yi rayuwa. A sa ƙa'ida: ya fara yi da hannunsa a takarda har ƙarshe. Bayan nan in akwai abin da bai gane ba, ya tambayi na'urar ta yi masa bayani, ko ta ba shi wasu tambayoyi irin waɗannan ya gwada kansa, a tsakar gida inda kowa ke gani. Ya kuma sani tana kuskure, kuma da cikakken ƙarfin hali take yin sa. Ku gwada tare: ku tambaye ta wani abu game da unguwarku ko kasuwarku wanda kai ka sani sarai, ya ga inda za ta kauce. Yaron da ya taɓa kama ta da kuskure ba zai ƙara haɗiye maganarta ba tauna ba. Ka sanar da malaminsu ma, cikin mutunci, don ya riƙa sa su yin wasu rubuce-rubucen a aji. Wayar kuma ta riƙa kwana a ɗakin mahaifiyarsa.

TAMBAYA: Malama, ɗiyata tana ajin farko na kwaleji, da Faransanci ake koya musu. In na bar ta tana rubutu da Hausa a gida, ba zai lalata mata Faransancin ba?
Daga wata uwa, Maraɗi.

AMSA: Ba zai lalata ba, 'yar'uwa. Tsara magana, da sanin me zai zo farko me zai biyo baya, da kawo hujja, sau ɗaya ake koyonsu, kuma sun fi saurin zama da harshen da yaro ke tunani da shi. Ɗalibaina da suka fi iya insha'in Hausa su ne dai suke gaba a na Turanci. Abin da Faransancinta ke buƙata shi ne yawan karatu da ƙamus a kusa, ba hana Hausa ba. Ki saya mata littafin rubutu guda na musamman. Kowane dare ta rubuta layi biyar da Hausa kan abin da ta gani a ranar. Ranar Lahadi ta zaɓi guda daga cikin na makon, ta sake ba da shi da Faransanci, ta ja layi ƙarƙashin kalmomin da ta rasa, ta nemo su a ƙamus ko ta kai wa malaminsu ranar Litinin.